Jason Bateman: Tarihin Sana'arsa a Wasan Kwaikwayo

Jason Bateman ɗan wasan kwaikwayo ne kuma darakta ɗan ƙasar Amurka. An haife shi ranar 14 ga Janairun 1969 a garin Rye na jihar New York, a gidan da fim ne abincinsa: mahaifinsa Kent Bateman furodusa ne, yayarsa Justine kuma ta yi suna a shirin Family Ties. Ya soma da tallace-tallace, a 1981 ya fito a matsayin wani maraya a Little House on the Prairie, daga nan ya shiga wasannin barkwanci na talabijin. A Silver Spoons, daga 1982, shi ne Derek, abokin tauraron shirin, yaro mai bakin zuma da ke jefa aboki cikin rigima ya zame. A 1986 ya samu matsayin David, babban ɗa a shirin Valerie. Da rikicin albashi ya raba tauraruwar shirin Valerie Harper da masu shi a 1987, aka kashe ta a cikin labarin, aka sauya suna har ya zama The Hogan Family, shirin ya ci gaba zuwa 1991. A nan ne Bateman ya ba da umarnin wasu kashi yana ɗan shekara 18.

Abin da ya kamata a lura da shi a waɗannan shekarun shi ne irin aikin da aka ba shi, domin shi ne ya bayyana duk abin da ya biyo baya. Ba a gina wa Bateman suna a kan ƙanƙantar jiki ko wata kalma guda da 'yan kallo ke jira ya furta ba. Aikinsa ya fi kama da na ɗan amshi: ya saurari wanda ke gabansa, ya san daidai lokacin da zai ɗaga gira, ya jefa gajeriyar magana ya yi shiru. Yarinta kaya ce da ke ƙarewa, amma iya sauraro da sanin lokaci suna girma tare da mai su. A kwatanta shi da sa'ansa Gary Coleman, wanda aka haifa a 1968, tauraron Diff'rent Strokes daga 1978 zuwa 1986. Coleman ya fi Bateman suna nesa ba kusa ba, kuma gwani ne, sai dai ciwon ƙoda ya tsayar da girmansa, masana'antar kuma ba ta ga komai a jikinsa ba sai Arnold, yaron da yake fitowa a matsayinsa a shirin. Ya kai iyayensa da mai kula da dukiyarsa kotu a 1989, ya bayyana karayar arziki a 1999, ya rasu a 2010 yana da shekara 42.

Shi ma Bateman bai sha da daɗi ba. Fim ɗin Teen Wolf Too na 1987, wanda mahaifinsa ya shirya, ya sha suka, shekarun 1990 kuma suka tafi a shirye-shiryen da ke mutuwa tun a zango na farko, irin su Simon da Chicago Sons da George & Leo. Shi da bakinsa ya faɗi cewa giya da ƙwaya sun ci wani ɓangare na wannan lokacin.

Farfaɗowar ta zo a 2003 da Arrested Development na Mitchell Hurwitz a tashar Fox, shirin da aka ɗauka ba tare da dariyar nan da ake naɗa a saka a bayan kowace magana ba. Mai ba da labari a shirin Ron Howard ne, wanda shi ma da yarinta ya fara a The Andy Griffith Show, ga alama ya san ciwon. Bateman ya fito a matsayin Michael Bluth, mai hankali ɗaya tilo a gidan attajiran da aka ɗaure ubansu. Akwai wurin da ya buɗe firij ya tarar da wata jakar takarda an rubuta a jikinta cewa mushen kurciya ne, kada a ci. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, sannan a hankali ya ce bai san abin da ya zaci zai gani ba. Babu ihu, babu zare ido. Duk dariyar tana cikin ɗan jinkirin da ke tsakanin leƙawa da magana, kuma wannan jinkirin abin da ya koya ne tun yana yaro a gaban 'yan kallo. Ya ci lambar Golden Globe a 2005. Fox ta dakatar da shirin a 2006 saboda ƙarancin masu kallo, amma ƙofa ta riga ta buɗe: Juno a 2007, Hancock a 2008, Horrible Bosses a 2011, sai muryar dila Nick Wilde a Zootopia a 2016.

Mai musu zai ce sa'a ce kawai: da Hurwitz bai ɗauke shi ba, da yau ba a zancensa. Akwai gaskiya a ciki, har ma a ƙara da cewa Bature mai tsayi da fuska irin tasa yana da ƙofofin da ba a taɓa buɗe wa Coleman ba. Amma sa'a tana bayyana yadda mutum ya samu shiga ne, ba ta bayyana yadda ya zauna shekara ashirin ba. Abokan wasansa a shirin sun samu dama iri ɗaya, kaɗan ne suka juya ta zuwa jagorancin finafinai da kujerar darakta. Musu na biyu ya fi nauyi: wai mutum ɗaya yake fitowa kullum, mai sanyin murya da gajiya a ido. Wannan ma ba ƙarya ba ne, iyakarsa a fili take, ba za a kira shi ya rikiɗe ya zama wani daban ba. Sai dai ya gano cewa natsuwar da ke ba da dariya tana iya ba da tsoro. A The Gift na 2015 fara'ar tasa ce ta zama rigar da wani azzalumi ya ɓuya a ciki.

Ozark, wanda Netflix ta nuna daga 2017 zuwa 2022, shi ne hujja mafi ƙarfi. Marty Byrde mai ba da shawara kan kuɗi ne a Chicago da ke wanke kuɗin dillalan ƙwayoyi na Meziko. A kashi na farko, an harbe abokin kasuwancinsa a gabansa, bindiga na kansa, sai ya zaro takardar tallar wani tafki a jihar Missouri ya shiga lissafi da muryar nan ta Michael Bluth, har ya sayi ransa. Ya ci lambar Emmy a 2019 a kan wannan shirin, kuma a matsayin darakta ya ci ta, sana'ar da ya fara taɓawa a The Hogan Family. A Carry-On na 2024 kuwa shi ne mugun, kuma rabin barazanarsa ta na'urar kunne yake yin ta, a sanyaye, ga wani jami'in tsaron filin jirgin sama da ba ya ganin fuskarsa.