Kiwon Lafiya a Hannun En'e, 1919–1939

Kiwon lafiya na En'e shi ne aikin da masarautun Arewacin Nijeriya suka gudanar da kuɗin baitulmali tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu: asibitin birni, ɗakunan shan magani a gundumomi, yin lamba, da duba-gari. Rahotannin Turawan mulki sukan jingina nasarar ga likitocin gwamnati, su taɓa En'e sama-sama. Wannan rabon bai yi adalci ba. Likitocin Turawa ne, amma da harajin talakawa aka yi ginin, kuma hakimi da dagaci ne ke tara jama'a.

Da farko asibitin gwamnati na bariki ne, na soja da ma'aikata. Annobar sanƙarau ta farkon shekarun 1920 ta ratsa ƙasar ba tare da wani abin tare ta ba. Kano, mai baitulmali mafi kauri, ita ta yi gaba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, aka buɗe Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, wato Asibitin Murtala na yau. A 1931 ruwan famfo ya iso daga Challawa, a 1932 aka kafa makarantar horar da duba-gari. A lokacin, aikin duba-gari leƙa randa ne da masai da mahauta; gidan kulle kuwa iyakarsa zaure.

Inda aka fi zuba ƙarfi shi ne ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a bakin rafi da kurmi. An fara binciken ƙudan a 1921, daga baya cibiyarsa ta zauna a Gadau, ƙasar Katagum. Daga farkon shekarun 1930, ƙarƙashin Dakta Lester, aka daina jiran majiyyaci ya zo da ƙafarsa. Ayarin ma'aikatan asibiti kan sauka a ƙauye, dagaci ya fito da kowa bisa takardar haraji, a jera su. Malamin asibiti ya lalubi wuyan mutum. In ya ji kaluluwa sai ya tsikare ta da allura, a duba ruwan a madubin likita nan take. Wanda aka samu da cutar sai ya yi makonni yana karɓar allura. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutane fiye da miliyan 3, aka samu kusan 400,000 ɗauke da ita. Adadin ya fi na sauran cututtuka abin dogara, don ƙirga shi aka yi mutum-mutum.

Allura ba ta kashe ƙuda, don haka dokar ciwon barci ta 1937 ta ba da ikon tilasta sare kurmi da tayar da ƙauye. A shekarar aka fara shirin Anchau a ƙasar Zazzau da fam 95,000 daga Ingila, inda masanin ƙwari Nash ya jagoranci aikin fili. An share bakin rafuka, an haƙa rijiyoyin siminti, an tayar da ƙananan ƙauyuka, an gina sabon gari mai faffaɗan tituna, Takalafiya. A takarda sunan sharar aikin gayya. Wanda dogari ya fito da shi daga gona bai kira ta haka ba.

Kuturta kuwa, wajen 1937 aka miƙa wa mishan sansanonin Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa, En'e na ba da tallafi. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, aka kwashe likitoci da dama zuwa aikin soja.