Kalmar "Overstay": Daga Ladabin Baƙunci zuwa Dokar Shige da Fice

A Turanci akwai aikatau guda da ke nufin mutum ya zauna har ya zarce lokacin da aka ɗibar masa, wato "overstay". An gina shi ne daga "over", mai nuna wuce iyaka, da "stay", wato zama. Hujjar wannan maƙala ita ce kalmar tana ɗauke da ma'auni biyu mabambanta, kuma na hukuma ya kusa danne na zamantakewa.

Nahawunta ma ya nuna haka. Karɓaun da take ɗauka shi ne iyakar da aka ƙetare: biza, ko hutun da aka ba soja, ko marabar da mai gida ya yi wa baƙo. Wannan na ƙarshe shi ne sanannen furucin nan "overstay one's welcome", wanda ake faɗa wa baƙon da ya daɗe har ya gunduri masu masauki. A nan babu ranar da aka rubuta. Fuskar mai gida ce ma'auni, sai baƙo ya karanta ta da hankalinsa. Bahaushe bai rasa wannan tunani ba, tunda ya ce baƙo raɓa ne, sai dai shi yakan bayyana abin da jimla: ya zarce wa'adi, ya yi zaman dirshan.

Da kalmar ta shiga ofishin shige da fice, sai ma'aunin ya koma hatimin fasfo. A Birtaniya, dokar shige da fice ta 1971 ta mayar da zarce wa'adi da gangan laifi. A Amurka, dokar 1996 ta tanadi cewa wanda ya haura kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba, sannan ya fita, za a hana shi dawowa shekara uku. Idan ya kai shekara guda, hanin ya zama na shekara goma. Lissafin kwanaki ne zalla, ba ruwan doka da ko maƙwabta na son mutumin.

Inda abin ya fi nauyi shi ne sunan da aka tsiro da shi daga aikatau ɗin, "overstayer". Aiki abu ne da mutum ya yi sau ɗaya, amma suna yakan manne masa, wani lokaci har da danginsa. A ƙasar New Zealand, a tsakiyar shekarun 1970, 'yan sanda sun riƙa kai samamen asuba gidajen mutanen tsibiran Fasifik, irin su Samoa da Tonga, da sunan farautar waɗanda bizarsu ta ƙare. Wani bincike na tsakiyar shekarun 1980 ya gano cewa su kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu zarce wa'adi, amma kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka gurfanar daga cikinsu suke. Sai a 2021 Firaminista Jacinda Ardern ta nemi gafara a madadin gwamnati. Duk wanda ya san yadda ake furta "takari" a Makka da Jidda ba zai yi mamakin wannan ba.

Don haka mai fassara labarai zuwa Hausa ya dubi wane ma'auni ake nufi kafin ya zaɓi kalma. Idan maganar biza ce, "wanda ya zarce wa'adin bizarsa" ya wadatar. Kiransa "baƙon haure" kuskure ne, domin mutumin ta ƙofa ya shigo, da izini a hannunsa.