Yadda hamadar Sifaniya ta zama tekun leda

1/ Jama'a, ku buɗe Google Maps ku nemo Almeriya a kudancin Sifaniya. Za ku ga wani farin wuri a bakin teku, sai ka ce ƙanƙara ce ta zuba. To ba ƙanƙara ba ce, rumfunan leda ne, sama da hekta 30,000. Ku biyo ni ku ji tarihinsu.

2/ Garin kansa tsohon garin Andalus ne, Halifa Abdurrahman na Uku ya gina shi a 955. Amma zuwa 1950 lardin yana cikin mafi talauci a ƙasar. Ruwan sama bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba a shekara. Saboda bushewar wurin ma aka riƙa ɗaukar fina-finan kaboyi a hamadar Tabernas.

3/ Gwamnatin Janar Franco ta haƙa rijiyoyi a filin Daliyas, ta raba wa talakawa ƙananan gonaki. Matsalar: ƙasar da ruwan duk akwai gishiri-gishiri. Sai manoma suka koma ga wata dabara, su shimfiɗa taki a kan ƙasa, su rufe shi da yashi. Yashin ya riƙe danshi, ya rage cutarwar gishirin.

4/ Saura iska, wadda take kwantar da shuka. A 1963 aka yi rumfar leda ta farko a Roketas de Mar. Ba wata fasahar Turawa mai tsada ba ce fa: turaku da waya irin na rumfar inabin da suka saba yi, sai aka ɗora leda. Amfani ya nuna da wuri, a tsakiyar sanyi, lokacin da kasuwa take da tsada.

5/ A shekarun 1970 ban ruwa na ɗigo ya shigo. A 1986 Sifaniya ta shiga ƙungiyar Turai, daga baya manyan motoci suka soma kwasar kaya kai tsaye zuwa Jamus da Faransa da Ingila. Shagunan can suna son ƙananan tumatir, wato ceri, mai zaƙi, mai jure tafiya. Manoman Nihar da na gabar Granada suka rungume shi.

6/ Yadda ake sa shi yawan 'ya'ya: kowace shuka a ɗaure ta da igiya ta hau sama. A riƙa cire tsiron da ke fitowa a hammatar ganye, don ƙarfin ya tafi ga 'ya'ya. Da zafi ya zo a shafa farar ƙasa a rufin ledar. Furen kuma sai an girgiza shi yake ɗaukar 'ya'ya, shi ya sa suke sayen akwatunan wani ƙudan zuma mai kauri su ajiye a ciki.

7/ Amma wa yake tsinkar? Ceri ƙanana ne, aikinsa na hannu ne, cikin zafin leda. Yawanci baƙi ne daga Maroko, Senegal, Mali da gabashin Turai, wasu ba takardu, suna kwana a bukkokin tsohuwar leda. A Fabrairun 2000 mutanen El Ehido suka far wa 'yan Maroko, suka ƙona musu matsugunai da shaguna.

8/ Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ya ja baya, har na teku ya soma kutsawa cikin rijiyoyi. Yanzu ana tace ruwan teku a yi ban ruwa da shi, da tsadarsa.

9/ Ga inda labarin ya taɓa mu. Tsutsar Tuta absoluta daga Kudancin Amurka ta ɓulla a Sifaniya a 2006. Ita ce "sharon" ɗin da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Kun tuna kuɗin kwando a shekarar?

10/ Su can suna yaƙar ta da raga a tagogin rumfa, da tarko, da ƙwarin da ke cinye ƙwanta. Don haka mai shirin kafa rumfar leda a Kadawa ko Ɗanja, kafin kuɗin leda ya fara tambayar kansa: ina ruwa, wa zai saya, nawa zan biya mai tsinka? Su namu matsalar zafi ce, ba sanyi ba.