Tarihin Tsarin Kasuwa Da Gona A Arewacin Ƙasar Kano

Wanda duk ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Katsina wadda ta bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko ta hanyar Daura wadda ta ratsa Dambatta, da wuya ya ga daji. Gona ce ta haɗa kai da gona, gida yana hangen gida, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakiyar shuka. Wani masanin ƙasa Baturen Ingila, mai suna Michael Mortimore, ya yi shekaru yana binciken wannan karkara. Bisa ƙidayar 1962 ya nuna cewa a kewayen Kano akwai fiye da mutum 350 a ko wane mil ɗaya murabba'i, kuma fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar ana noma shi ko wace shekara, ba a barinsa saura.

To, a irin wannan ƙasa babu filin banza. In aka kafa rumfa, wani kunya ce ta gero ta tafi. In aka faɗaɗa gona, wata hanya ce ta shanu ta ƙuntata. Saboda haka tun da daɗewa mutanen wurin suka san tilas a yi ƙa'ida a kan abin da za a yi a ko wane wuri: ina za a yi ciniki, ina za a yi yanka, ina za a hura wuta, ina kuma za a bari sarari. Wannan shi ne tarihin waɗannan ƙa'idodi.

Tsarin Dā

Kasuwar Kurmi ita ce uwar kasuwannin ƙasar Kano. An kafa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani matafiyi Bature mai suna Clapperton ya zo Kano ya zauna, ya kuma rubuta abin da ya gani. Ya tarad da ko wane irin kaya da sashensa, ga rumfuna jere layi layi, ga kuma shugaba mai ba da hayarsu wata wata, yana lura da ciniki. Watau shekara 79 kafin Turawa su ci Kano, kasuwarta a tsare ta ke.

Kasuwannin ƙauye ma haka su ke, sai dai ƙanƙanta. Ma'auna hatsi suna da wurinsu, da mudu a gabansu. 'Yan koli da masu tufafi suna tsakiya, inda ƙura ba ta da yawa. Mahauta suna gefe, ƙarƙashin Sarkin Fawa, don jini da ƙuda kada su dami masu fura da nono. Kara, inda a ke cinikin shanu, tana can baya inda akwai sarari da hanyar shigowa. Maƙera su kan ja nesa da rumfunan kara da zana, gama tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye kasuwa. Majema da marina kuwa sai kusa da ruwa, nesa da ɗakunan kwana, saboda wari. Fatake in sun iso da jakunansu, akwai zango. Sarkin Kasuwa shi ke nuna wa baƙo inda zai shimfiɗa kayansa, in gardama ta fi ƙarfinsa a kai gaban dagaci ko alƙali.

Ba a rubuta wannan tsari a allo an kafa a bakin kasuwa ba, amma yana da tushe a littattafan shari'a. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayani mai yawa a kan kawad da cuta tsakanin maƙwabta, kamar hayaƙi da wari da toshe hanya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan sha'anin ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi maganar filayen da a ke keɓewa don amfanin jama'a. Daga Larabci kalmar hurumi ta samo asali, watau filin da ke kewaye da gari ko rijiya, wanda ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba. A nan a ke kiwon awaki, a nan a ke ɗiban ƙasar gini, sau da yawa kuma a nan kasuwa ke ci. Haka nan burtali, hanyar shanu mai shinge dama da hagu, wadda ta ke ratsa gonaki har zuwa mashaya. Manomi ya san in ya ci burtali, shanu za su ci gonarsa. Ba ya bukatar dogari ya tuna masa.

Abin lura shi ne, wannan tsari bai raba gida da sana'a ba. Masaƙi yana saƙa a ƙofar gidansa, kamar yadda aka san mutanen Minjibir da ita. Matan aure suna ƙuli-ƙuli da daddawa a cikin gida, yara su kai talla. Abin da a ke nisantarwa shi ne abin da ke cutarwa kawai.

Zuwan Turawa

Turawa sun ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903. Ba a daɗe ba suka taɓa sha'anin ƙasa. A 1908 aka zaunad da wani kwamiti a London don duba yadda a ke riƙon ƙasa a Arewa, daga shawararsa kuma aka yi dokar ƙasa ta 1910, aka sabunta ta a 1916. Dokar ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Baƙo, ko Bature ne ko Kwara, ba shi da ikon sayen fili daga hannun manomi. Sai ya nemi takardar izinin zama daga Gwamnati, a yanka masa fuloti a inda aka ga dama, ya riƙa biyan haya. Ko da ya ke Turawa don mulkinsu suka yi ta, wannan doka ta tsare gonakin talakawan Kano daga faɗawa hannun manyan kamfanoni.

A zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, aka fitad da hakimai daga birni aka ce ko wane ya zauna a gundumarsa. Sarkin Bai yana Dambatta, Madaki yana Dawakin Tofa. Abdullahi Bayero ma ya riƙe Bichi yana Ciroma kafin ya zama Sarki a 1926. Aka kuma fito da malaman taki, masu auna gonaki da taku, su rubuta sunan mai gona da girmanta don haraji. Daga nan iyakar gona ta shiga littafi. Garin da hakimi ya zauna kuwa sai ya sami ɗakin shari'a da makaranta da ɗakin magani, kasuwarsa ta haɓaka.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe sosai. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu cikin ƙauyuka suna saye. Sai wani sabon abu ya shigo kasuwannin karkara, watau sikeli da rumbun buhuna. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, sai masu lasin ke saye, a wuraren da hukuma ta amince da su. Garin da ya sami sikeli ya sami motoci da masu abinci da 'yan dako. Wanda bai samu ba, sai mutanensa su ɗora wa jaki.

A birni kuwa tsarin ya ɗauki wata fuska. An yanka Sabon Gari a 1913 don baƙi 'yan Kudu masu aikin jirgi da kantuna. A 1917 Gwamna Lugga ya yi dokar garuruwa, wadda ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, ba a gini a cikinsa. Hujjarsu ita ce gudun sauro da zazzaɓi. Aka ware Nasarawa don Turawa, aka ware wurin kantuna, aka ba Kwarori nasu fulotai a gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya ke yanzu. Shekara ɗaya kafin haka, a 1916, birnin New York na Amurka ya yi tasa dokar, wadda ta raba birnin shiyya shiyya: ta gidaje, da ta ciniki, da wadda ba a taƙaita ba. Tasu ta dubi aikin da za a yi a fili. Ta Lugga kuwa ta fi duban wane ne zai zauna a cikinsa.

A karkara aikin ya zauna a hannun En'e. Duba-gari yana zagaya kwata da rijiyoyi da rumfunan abinci, 'yan doka suna tsaron kasuwa, kuɗin rumfa yana shiga Baitulmali. Dokar En'e ta 1954 ta tabbatar wa hukumomin En'e ikon kula da kasuwanni da wuraren yanka. A gaskiya yawancin abin da duba-gari ke tilastawa, Sarkin Kasuwa ya riga ya san shi tun kakanni.

Bayan Mulkin Kai

Da aka sami mulkin kai a 1960, dokoki suka yi ta zuwa. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi sabuwar dokar riƙon ƙasa. Aka shirya wa birnin Kano tsarin gini na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranta. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya. A 1967 aka kafa Jihar Kano, a 1976 kuma aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Sa'an nan cikin watan Maris na 1978 Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokar amfani da ƙasa, wadda har yanzu ita ke aiki. Ta ɗora filayen birane a hannun Gwamnan jiha, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izininsu. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su. A birni kuma akwai hukumar tsara birane ta jiha, wadda a ke kira KNUPDA, mai ba da izinin gini.

Amma fa abin da ya fi doka sauya kamannin kasuwa shi ne kwalta. Dā kasuwa tana da ranarta da filinta, in ta watse sai awaki. Da titi ya zo, sai ciniki ya bar fili ya koma bakin hanya, ya zama na kullum. Ko wace kwana ta zama ƙaramin gari. Sababbin sana'o'i suka shigo waɗanda tsarin dā bai san su ba: injin niƙa, da gidan mai, da masu walda, da masu faci, da masu sayad da fetur a galan. Mai gona a bakin titi ya ga fuloti ɗaya ya fi masa amfanin daminar shekaru, sai ya yanka ya sayar. Hurumi da burtali kuwa, da ya ke ba na mutum ɗaya ba ne, su aka fara ci, gama abin da ya ke na kowa shi ne ba shi da mai kuka.

Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, ta isa misali. An kafa kasuwar hatsinta a 1985, yau kuwa tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ana zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru. Manyan rumbuna sun jeru a bakin hanyar Katsina a inda dā gonaki ne. Duk da girmanta, an raba ta sashe sashe bisa irin kaya, kamar yadda Clapperton ya tarad da Kurmi. 'Yan kasuwa da kansu sun ga ba su iya ciniki sai da haka.

Inda aka yi sakaci kuma an ga sakamakon. Cikin watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari ya ɓata dukiya mai yawa, mutane da dama kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanai. Kasuwannin karkara ba su kai waɗannan cunkoso ba tukuna, amma hanyar da suka ɗauka ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin Da Tarihin Ya Nuna

In mai karatu ya jera waɗannan ƙa'idodi ya duba, zai ga iri biyu ne. Akwai waɗanda aka yi don raba mutum da mutum, irin yadi 440 na Lugga. Waɗannan sun mutu tare da mulkin da ya kawo su, ba wanda ya yi musu zaman makoki. Akwai kuma waɗanda aka yi don raba wuta da kara, da raba jini da abinci, da raba shanu da shuka. Waɗannan sun wuce zamanin Haɓe da na Fulani da na Turawa da na soja, suna nan, domin ko wane mai rumfa yana ganin dalilinsu da idonsa.

Saboda haka mutumin da ya iya karatu yana da abin yi a garinsa. In an ce za a kafa gidan mai kusa da makaranta, ko injin niƙa jikin ɗakin magani, ko za a yanka fulotai a burtali, yana iya tambayar takardar izini, ya karanta ta, ya ga wa ya sa hannu, kuma don wane aiki aka ba da filin. Yana iya zuwa wurin mai unguwa da dagaci da ofishin ƙaramar hukuma tun ba a aza tubali ba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mutane suna ƙaruwa ko wace shekara, ƙasa kuwa tana nan yadda malaman taki suka auna ta. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta sake fid da gero.