Asalin Fasahar Tangarɗa

Kowa ya san ɓacin ran da ke zuwa in hoton talabijin ya karkace, launuka suka cakuɗe. To akwai masu fasaha da ke neman wannan tangarɗar da gangan, su mai da ita ado, kuma abin nasu yana da asali mai daraja.

Masana ba su daidaita kan mafarinsa ba. Wasu na kai shi ga Len Lye, mutumin New Zealand da ya yi fenti kai tsaye a kan zaren fim a 1935. Wasu sun ce sai 1978, da Jamie Fenton da Raul Zaritsky suka riƙa bubbuga na'urar wasan Bally tana aiki, suna ɗaukar hargitsin da ke fitowa. Ni dai na fi yarda da magabatan da ke cewa Nam June Paik ne uban tafiya, domin fentin na farkon ba a kan na'urar lantarki ya yi shi ba, na biyun kuwa sun tarar an share hanya.

An haifi Paik a Seoul ta Koriya a 1932. Kiɗa ya karanta a Japan, ya wuce Jamus ƙaro ilimi, can son wayoyin lantarki ya kama shi. Ya tattara tsofaffin akwatunan talabijin, ya buɗe bayansu yana sauya musu wayoyi. A watan Maris 1963 ya baje su a zauren Parnass da ke garin Wuppertal, wasu suka ce sha biyu ne, wasu sha uku. A bakin ƙofa ya rataye kan wani bijimin sa da aka yanka, kowa sai ya wuce ta nan zai shiga.

Ga inda labarin ya fi daɗi. An ce ɗaya daga cikin akwatunan ya lalace a hanya. Da aka kunna shi babu hoto, sai farin layi guda siriri a kwance. Da wani ne sai ya nemi mai gyara. Paik kuwa ya dube shi, ya juya akwatin ya tsayar da shi kan gefensa, layin ya miƙe tsaye, ya raɗa masa suna Zen for TV. A 1965 ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan wani akwatin, maganaɗisun ya riƙa karkatar da kwararar lantarkin da ke zana hoto daga ciki, sai ga hoton yana lanƙwashewa kamar zare a hannun masaƙi.

Daga baya abin ya koma kwamfuta, Rosa Menkman ta Holan ta rubuta masa ƙa'idoji. Yanzu kam yaro ya danna waya sau ɗaya manhaja ta ɓata masa hoto, ba gumi, ba kasada, wannan kuwa abin takaici ne.

Paik ya rasu a 2006. Hasumiyar da ya gina a garin Gwacheon na Koriya a 1988 da akwatunan talabijin 1,003 an kashe ta a 2018 saboda tsufa, aka yi ta gyara, aka sake kunna ta a 2022.