Kadett Mai Zuciyar Vectra

Kwanakin baya wani mai sauraro ya bugo waya a shirina na safe, yana tambaya me ya sa direbobinmu ke cire injin ƙaramar mota su dasa mata wanda ya fi ƙarfinta. Na sallame shi da amsar minti ɗaya don lokacin labarai ya matso. Amma tambayar ta bi ni har gida, domin a gidanmu na Kegue an taɓa yin wannan dashen.

Turawa sun daɗe suna yi, sai dai su gudu suke nema. A 1962 wani Ba'amurke tsohon direban tsere, Carroll Shelby, ya ɗauki ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace ya cusa mata injin Ford mai silinda 8, aka samu motar da ake kira Cobra. Mu kuwa ba tsere ne a gabanmu ba. Lodi ne da hawan dutse.

A zamanin iyayenmu ba a cika buƙatar haka ba. Fijo 404 da 504 ne ke riƙe da hanya, kuma da ƙarfinsu suka zo. Ita 504 ta fito a 1968, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, don haka kayan gyaranta ba sa wuya daga Kano har Lome. Da gwamnati ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni a 1977 ta mayar da mutane Agoe, can bakin hanyar arewa, sai mota ta zama dole ga wanda a da yake takawa kasuwa da ƙafa. 'Ya'yan Zongo da yawa suka faɗa harkar tuƙi.

Abin da ya juya lissafi shi ne farkon shekarun 1990. Yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992 ya ɗauki wata tara, ya karya jarin mutane. Kafin a farfaɗo, a Janairun 1994 aka kariyar da darajar sefa da rabi: farankan Faransa ɗaya da ake saya sefa 50 ya koma 100. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, har da mai rufin asiri. Sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome, waɗanda muke kira "benu", daga kalmar Faransanci mai nufin wadda ta zo daga waje. Mafi arhansu ƙanana ne, irin su Opel Kadett da Toyota Starlet, da aka ƙera don magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu a kan titi mai santsi. Tare da su kuma ake shigo da injina zalla, an ciro daga motocin da suka yi hatsari. Ga ƙaramar mota mai arha, ga babban inji a kasuwa, ga makanike mai walda. Me ya rage?

Kawuna yana da Kadett mai injin lita 1.3, yana jigila tsakanin Lome da Kara, tafiyar da ta haura kilomita 400. Fasinja shida, but cike da buhuna, ga kaya a kan rufi. Duk wanda ya bi hanyar kafin a yi ta kewaye ya san tsagin dutsen Alejo, tsakanin Sokode da Bafilo. A nan motar ke nishi, lagireto ya tafasa, fasinja su sauka su taka. Ina ɗan shekara goma sha biyu na raka shi gareji, inda ya yi cinikin injin Vectra mai lita 2. Dangi ɗaya ne da Kadett, shi ya sa yake zama ba tare da yanke-yanke da yawa ba.

Makaniken ya ce, "Maigida, inji zai ja. Amma birki da shokozoba da lagireto duk na ƙaramin ne. A canza su tare."

Kawu ya ce, "Kai dai ɗora. In an samu kuɗi a yi sauran."

Gaskiyar makaniken ce. Kamfanin Opel da kansa ya sa injin lita 2 a Kadett samfurin GSi, amma bai bar ta da birkin ƙaramar ba. Ni dai ba na ganin laifin kawu sosai. Kuɗin inji kaɗai ya iya haɗawa, shi ma da adashin matarsa.

Wata bakwai motar tana haye Alejo kamar ba dutse. A gangare ta kashe shi kasuwa. Birki ya yi zafi ya daina kamawa, ya kifar da ita a kwalbati don kada ya hau bayan tirela. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata fasinja ta karye a cinya, shi kuma har yau yana ɗingishi. Kamfanin inshora ya duba takardar motar ya ga ƙarfin injin da ke rubuce ba shi ne a ciki ba, ya ƙi biyan ko dala. Filinsa na Agoe ya sayar ya biya asibiti.

Bodin an kai wa masu gwangwan. Injin ko ƙwarzane bai yi ba. Kafin kawu ya ajiye sanda, wani direban layin Sinkase ya zo har gida ya saye shi, zai ɗora a tasa Kadett ɗin.