Bayan Gari Ya Watse: Tarihin Kano da Littattafan Rushewar Duniya

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da Turawa suka daɗe suna rubutawa, wanda ke ba da labarin mutanen da suka yi saura bayan annoba ko yaƙi ya shafe al'umma. Ba tashin ƙiyama suke nufi ba, wannan sanin Allah ne. Tambayarsu ita ce: idan kasuwa ta mutu, sarauta ta faɗi, makaranta ta rufe, me zai rage wa ɗan Adam?

Bakano bai kamata ya ji baƙuncin wannan tambaya ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582-1618) Kwararrafa sun auka wa birni har jama'a suka gudu Daura, sannan aka yi yunwa ta shekara 11. A zamanin Sarki Dadi kuma suka sake shigowa ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka karkashe mutane har da malamai. Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 ya raba wa da ƙane. Yunwar 1913-1914 ta sa talakawa haƙar gidan tururuwa neman hatsi, ba a gama farfaɗowa ba sai ga Marisuwa a 1918. Duk da haka ganuwa ta ga komowar mutanenta, Kasuwar Kurmi ta sake ci.

Da wannan idon nake ba mai karatu shawarar littattafai uku. Na farko shi ne Earth Abides na George Stewart (1949). Cuta ta ƙarar da mutanen Amurka, wani mai ilimi ya tsira ya tara 'yar al'umma, amma yaran da aka haifa suka ƙi karatu, ga ɗakin littattafai cike babu mai buɗewa. Duk malamin makaranta zai ji wannan a jikinsa. Na biyu A Canticle for Leibowitz na Walter Miller (1959), inda bayan yaƙin nukiliya wasu masu ibada suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwafe takardun da ba su fahimta ba, don kada ilimi ya ɓace. Wanda ya san yadda malaman Madabo suka riƙe littattafai a gafaka daga kaka zuwa jika zai gane su nan take. Na uku Who Fears Death (2010) na Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne. Ta kai labarinta Sudan ta wani zamani mai zuwa, inda hamada da ƙiyayyar ƙabila suka yi wa jama'a katutu.

Abin takaici, adabinmu bai kula wannan fili ba sosai. Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya (1969), amma littattafan da suka cika kasuwa daga wajen 1990 soyayya ce ta fi yawa a cikinsu. Alhali tsofaffin da suka ga farin 1973 suna ƙarewa, kududdufan cikin birni an cike su an yi gini, ganuwa tana zubewa.

'Yan'uwa marubuta, ga fili ga mai doki. A zauna da tsofaffin unguwa a ji yadda aka ci gayya da tafasa aka rayu, wa ya raba rumbunsa, wa ya ɓoye nasa. Daga nan labarin zai fito.